Kukun da Ya Jiƙa Kan Ratu

Kwana uku da binne Jolame, matarsa Unaisi tana zaune ƙarƙashin rumfar kwano da aka kafa a ƙofar gidansu a Suva, babban birnin Fiji, cikin baƙaƙen kayan takaba tun daga wuya har idon sawu. Watan Fabrairu ne, iska ta ɗauke ɗif, kwanon rumfar har ƙara yake yi don zafi. Masu gaisuwa suna shigowa dangi-dangi da tabarmi da gwaza da rogo, a yi jawabi, a tafa hannu, waɗannan su tashi waɗancan su zauna. Ita kuwa tun safe ko ruwa bai ratsa maƙogwaronta ba, don gani take bai dace a ga matar mamaci tana kurɓe-kurɓe ba. Da rana ta take sai ta ji muryoyin mutane suna yi mata nisa, kamar daga cikin rijiya ake maganar.

Sai ga wani gajeren mutum mai faɗin ƙirji ya rarrafo ta bayan mata, don ba a miƙewa tsaye a tsakiyar zaman makoki. Waisake ne, kukun jirgin sojan ruwan da mijinta ya shekara ashirin yana aiki a ɗakin injinsa. Ya ajiye mata ɗanyar kwakwa da aka sare wa kai, ya kwance wani ɗan ƙullin takarda ya barbaɗa gishiri a ciki.

"Tau, kin daina gumi," ya ce ƙasa-ƙasa. "Sha. A hankali, ba irin shan mutanen Ra ba."

Ita da marigayin mutanen lardin Ra ne, shi kuwa ɗan tsibirin Kadavu. Taubasai ne tun kaka da kakanni, Tau suke kiran juna, kuma ko a bakin kabari ba a hana su tsokana.

"Ba na jin ƙishi," in ji ta.

"Duk wanda na taɓa ɗagawa daga ƙasa, abin da ya fara ce min ke nan. Ke dai sha. Ni na haƙa wancan ramin da aka sa mijinki, har yau bayana ciwo yake, ba zan haƙa na biyu a mako ɗaya ba."

Ta sha. Ya danƙa mata jiƙaƙƙen tsumma a hannu. "Wuya da goshi. Ke za ki sa da kanki, ni na gama taɓa kawunan mutane."

Matan da ke kusa suka rufe baki da gefen zani, kafaɗunsu na rawa, don babu wadda ba ta san labarin ba. Unaisi kuwa ta fi su saninsa. Rabi ta ji daga bakin mijinta, rabi ta gani da idonta.

A ƙauyen su Waisake kowane gida da aikinsa. Nasu gidan su ne masu haƙa ramin gashi na gidan sarki, su jera duwatsu, su hura wuta, su naɗe alade da gwaza a ganye su rufe da ƙasa. Tun yana ƙarami ya san zafi, ya san yadda ƙato ke tsayawa bakin rami yana dariya, kafin a ce haka ya zube. Yana da shekara goma sha tara ya shiga sojan ruwa. Aka tambayi wanda ya iya girki, ya ɗaga hannu, shi ke nan bai ƙara sauke shi ba har shekara ashirin da shida.

Jirginsu ƙaramin jirgin sintiri ne, mutum ashirin ba ɗaya. Ƙarfe ne sama da ƙasa. In rana ta buga shi a tsakiyar teku, Jolame yakan ce ɗakin inji tukunya ce, su ne naman. Ga shi kuma namijin Fiji ya gwammace ya faɗi da ya ce ya gaji. In ka tambaye shi ko lafiya, sai ya ɗaga maka gira ya yi murmushi, alhali idonsa na ganin duhu.

Shi ya sa Waisake ba ya tambaya. Yana da wata shuɗiyar randar roba ɗaure a ƙofar kicin, kullum cike da ruwa da gishiri da sukari da lemon tsami, ga moɗa a rataye. Ba mai karɓar faranti sai ya shanye moɗa ɗaya a gabansa. In suka jeru karɓar abinci, ba fuskarsu yake kallo ba, bayan rigarsu yake kallo.

"Kai, juya in gani. To, ka jiƙe sharkaf, wuce. Kai kuma fa? Fitsarinka na safe, shayi ne ko ruwa?"

"Haba Kawu, a gaban abinci?"

"Shayi ke nan. Mai kauri ma. Moɗa biyu."

"Kawu, wannan ruwan naka kamar hawayen tsohuwa."

"Sha ka gode Allah. Gara hawayen tsohuwar da ba ka sani ba da na uwarka."

Yakan ce rigar da ta jiƙe ba ta ba shi tsoro. Wadda ke ba shi tsoro ita ce wadda ta jiƙe ta bushe a jikin mai ita, gishiri ya yi mata farin zane. Duk wanda ya gani da irinta, ko mai igiya nawa ne a kafaɗa, sai ya ja shi inuwa ya zaunar, ya tsaya a kansa da ludayi.

Mutum ɗaya ne ba ya iya yi wa haka, shi ne kyaftin ɗin jirgin, Ratu Ilaitia, ɗan sarkin ƙauyen su Waisake, Ratu kuwa laƙabin jinin sarauta ne. A baki Kyaftin ake ce masa, amma a zuci kowa ya san jinin da ke jikinsa. Ba a wuce shi a miƙe. In yana zaune ba a tsayawa a kansa. Kansa kuwa, ko inuwar hannu ba ta giftawa ta samansa. Kan kowane mutum abin girmamawa ne, balle na basarake, wanda wanzamin gidan sarauta kaɗai ke taɓawa. Waisake ya girme shi da shekara goma, ya ga ranar da aka haife shi, amma in zai kai masa shayi a durƙushe yake miƙawa.

Wata shekara, ana tsakiyar zafi, wani kwale-kwale mai inji ya ɓace tsakanin tsibirai da mutum bakwai, yawancinsu mata masu dawowa daga taron majami'a. Aka tura jirginsu nema. A rana ta biyu na'urar sanyaya ɗakuna ta mutu. A ta uku mai tace ruwan teku ta fara tari, aka koma rabon ruwa da awo. Teku ta kwanta kamar an goge ta, babu ko iskar da za ta kaɗa tuta.

Ratu Ilaitia ya hau can saman jirgi inda babu rufi, da madubin hangen nesa a ido, tun fitowar rana har faɗuwarta. Waisake yana kai masa moɗa, shi kuma yana miƙa wa masu gadin da ke gefensa, ya ce su sha, idonsu ya fi nasa amfani. Da safiyar rana ta huɗu Waisake ya sauko ɗakin inji, fuskarsa ba annuri.

"Tau, rigar Ratu ta bushe."

"To ka gaya masa mana," in ji Jolame, yana goge baƙin mai a hannu.

"Da wane bakin?"

"Da wanda kake zaginmu da shi kullum. Ko an aro shi?"

Waisake bai yi dariya ba. Ya koma kicin ya ci gaba da feraye rogo.

Da rana ta raba tsakiya wani mai gadi ya hango abu kamar zani ana kaɗawa a kan wani tudun yashi, can bayan duwatsun da jirgi ba ya iya shiga. Aka sauke ƙaramin kwale-kwale, mataimakin kyaftin da mai kula da akwatin magani suka tafi da mutum huɗu. Ratu ya bi su da madubi har suka zama ɗigo. Sai ya juyo kamar zai yi magana, maganar ta fito a hargitse, ya dafa ƙarfe, ya sulale ya kwanta a kan ƙarfen da ko ƙafa ba ta iya takawa ba takalmi.

Mutum shida ne a wurin. Abin da suka yi, shi ne abin da iyayensu suka koya musu. Basarake yana ƙasa, ba mai barin kansa ya fi nasa tsawo, sai duk suka zube suka zauna. Ɗaya ya cire hula yana yi masa fifita daga nesa. Ɗaya ya fara addu'a. Jolame ya ji ihu ya hawo a guje, kuma bai taɓa ɓoye wa matarsa ba, ya ce shi ma ƙafafunsa da kansu suka lanƙwashe. Ga mutum yana dahuwa a gabansu, fatarsa a bushe kamar ganda, idonsa a juye, su kuma sun kewaye shi da ladabi.

Sai suka ji ƙarar bokiti a kan matakala.

Waisake ya hawo da bokiti biyu na ruwan teku da ya ɗebo da igiya. Ya ratsa tsakaninsu a miƙe. Ya tsallake ƙafafun Ratu, ya tsaya daidai kansa. Jolame ya ce ya ga ya rufe ido na tsawon numfashi ɗaya.

"Gafara, Ratu," ya ce, ya juye masa bokitin a ka.

Wani ya yi salati irin nasu, ya kira sunan Ubangiji. Waisake ya zaro wuƙar kicin daga ƙugu ya tsarge rigar tun daga wuya har cibiya, ya juye na biyun.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi! Ku tashi, 'yan banza, zaman makokinsa kuka fara? Kai, igiya da bokiti, kada hannunka ya tsaya. Ku biyu ku kama ƙafafu. Tau! Kai ba ɗan garinmu ba ne, ba abin da zai kama ka. Ruga firiza ka kwaso min kifin nan."

"Kifi?"

"Kifi na ce, kurman Ra! Mai ƙanƙara!"

Shi da kansa ya tallafo kan da hannu biyu, suka ja shi inuwar ɗakin tuƙi. Ya zauna ya ɗora kan a cinyarsa. Jolame ya kawo daskararrun kifaye masu tsawon kamu guda, Waisake ya cusa ɗaya a kowace hammata, ya jingina biyu a gefen wuya. Ana zuba ruwa, ana fifita da kwali. Wani ya kawo moɗa zai ɗura masa, Waisake ya buge hannun, ya ce ba a ɗura wa wanda bai farka ba, so kake ka shaƙe shi? Yana shafa ruwa a gashin, yana kiran sunansa na yarinta a hankali, sunan da rabon da a ji shi a bakin talaka tun kafin a yi masa kaciya.

An kai rabin awa a haka. Sai Ratu ya ja dogon numfashi, ya buɗe ido.

"An same su?"

"Ga su can tafe, Ratu. Na ƙirga kai bakwai ban da namu."

Ya lumshe ido, ya sake buɗewa, ya yamutsa hanci. "Wane ƙarni ne wannan?"

"Abincin rana ne, ranka ya daɗe."

Aka dinga ba shi ruwan randar nan kurɓi-kurɓi. Kafin yamma ya iya zama, mai magani ya dawo ya duba shi ya ce da an jira shi, da gawa ya tarar. Mutum bakwai ɗin nan kuwa duk suna da rai, Waisake ya tsaya a kansu yana cewa a ba su a hankali, amma bai miƙa wa kowa moɗa da hannunsa ba.

Don a al'adar garinsu, hannun da ya taɓa kan basarake ba ya taɓa abinci sai ya kwana huɗu. Ba wanda ya tuna masa. Shi ya naɗe hannayensa da tsumma ya zauna a ƙofar kicin, ya ce wani ya shiga. Jolame aka tura. Kwana huɗu jirgin nan yana cin rogon da samansa ya ƙone cikinsa ɗanye, kuma Jolame ne ke ba Waisake a baki da cokali.

"Buɗe baki, jaririn Kadavu."

"Wannan mene ne? Miya ce ko ruwan da ka wanke inji?"

"Ci ka yi shiru. Kai da ka mai da ɗan sarki tukunyar kifi, kai ne mai zaɓen abinci?"

Ana dariya, amma Jolame ya ce in ya waiwayo sai ya ga mutumin ya zuba wa naɗaɗɗun hannayensa ido. Ya san abin da ke jiransa a tudu.

Labari kuwa ya riga shi isa gida. Matan da aka ceto sun ga Ratu ba riga, kansa a jiƙe, sun ji ƙarnin, kuma baki ba ya kwana da abu. Kafin mako ya zagayo, a ƙauye ana cewa ɗan gidan masu ramin gashi ya tsallake ɗan sarki, ya yage masa riga, ya cakuɗa masa gashi, ya jera masa kifi kamar za a rufe shi da ganye. Wasu dattawa suka ce a karɓe aikin ramin daga gidansu, kada a sake ganin ɗan gidan a zauren taro. Aikin da kakansu na bakwai ya bar musu ke nan. Mutumin da ba shi da wurin zama a zauren garinsu, ko yana da gidan bene a Suva, ba kowa ba ne.

Yayansa Seremaia ya zo har bariki da tambuwa ɗaya tilo da gidan ya mallaka, haƙorin ƙaton kifin nan na teku wanda ba a roƙon gafarar sarki sai da shi.

"Ka jawo mana," ya ce.

"Na jawo, Yaya."

"Da ka jira mai magani."

"Da yanzu ramin da muke haƙawa daban ne."

Seremaia ya miƙa masa tambuwar. Waisake kuma bai tsaya kare kansa ba. Bai taɓa cewa al'adar banza ce ba, har ya tsufa bai faɗa ba. Cewa yake laifi ne, ya yi shi ido buɗe, zai je ya biya.

Jolame da Unaisi suka raka shi, ita da tabarmar da ta saƙa da hannunta. Da la'asar aka shiga zauren sarki. Tsohon sarki yana zaune a sama, ɗansa Ratu Ilaitia a damansa, ya rame amma idonsa tar. Unaisi tana can ƙasa cikin mata. Ta ga Waisake ya shigo da gwiwa tun daga bakin ƙofa, ga saiwar yangona da ake dama abin shan taron sarauta da ita a gabansa, ga tambuwa a tafin hannu, kansa a sunkuye har gemunsa na taɓa ƙirji. Muryar da ke cika jirgi ta koma kamar ta maras lafiya. Ya lissafa abin da ya yi ɗaya bayan ɗaya, bai rage ko kifin ba. Bai ambaci cewa ya ceci rai ba.

Tsohon ya daɗe yana kallon haƙorin, bai miƙa hannu ba. Unaisi ta ce a ranta, Ubangiji, kai ka ga zuciyar bawan nan.

"Laifi dai an yi shi," in ji sarki. "Ba zan ce ba a yi ba." Ya juya wajen dattawa. "Wa ke da izinin taɓa kan 'ya'yan gidan nan?"

"Wanzami, ranka ya daɗe."

"Ina yake?"

"Ai shekara biyu ke nan da rasuwarsa, bai bar magaji ba."

"Shi ya sa ɗana ke yawo da kai kamar sheƙar tsuntsu." Ya miƙa hannu ya karɓi tambuwar, ya sumbace ta. Sannan ya laluba ƙarƙashin tabarmarsa ya zaro wani tsohon almakashi, ya tura shi gaban Waisake. "Hannun nan an riga an gwada shi a kan, kan kuma bai ƙi shi ba. Daga yau kai ne. Ramin gashi yana nan a gidanku, wannan ƙari ne."

Waisake ya ɗago, hawaye na bin kumatunsa. "Ranka ya daɗe, ban iya aski ba. Ferayar gwaza na iya."

Sai a lokacin Ratu Ilaitia ya yi magana. "To ka ɗauka gwaza ce, Kawu. Ai ka riga ka dafa ta."

Zaure ya fashe. Aka tafa hannu sau uku, aka dama yangona, ƙoƙo na biyu bayan na sarki Waisake aka miƙa wa. Seremaia yana gefe yana share ido da bakin zani, yana cewa hayaƙi ne, alhali ba wuta a ɗakin.

Shekara goma sha ɗaya Ratu Ilaitia ya yi yana yawo da aski gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, bai taɓa zuwa wurin wani ba. A jirgi kuma ya sa aka rataye bokiti biyu masu igiya a can sama, ya tara mutanensa ya ce duk wanda ya faɗi, ko shi ne, ko wanda ya fi shi, a jiƙa shi tukuna, gafara ta biyo baya. Shi ma ya koma bin layi a ƙofar kicin, ya juya baya a duba rigarsa. Jolame yakan faɗa yana buga ƙirji cewa duk shekarun da suka yi tare, zafi ya kayar da mutane da yawa a jirgin nan, amma bai tafi da ko ɗaya ba.

Waisake ba ya ba da labarin. In samari suka matsa masa sai ya ce bokitin ba komai ba ne, kowane wawa ya iya zuba ruwa. Abin da ke ci masa rai shi ne safiyar nan da ya ga rigar ta bushe, ya koma ya ci gaba da feraye rogo.

Da ya ajiye aiki sai ya kafa tebur kusa da tashar jiragen ruwa yana sayar da ɗanyar kwakwa, da ƙullin gishirinsa a aljihu. Har yau in sojan ruwa ya gifta, bayan rigarsa yake bi da kallo.

Ranar da Jolame ya cika kwana ɗari da rasuwa aka cire wa Unaisi baƙaƙen kaya. Waisake ne ya haƙa ramin gashin, duk da furfura da ciwon baya. Da aka gama rabon abinci ya zo ya zauna nesa kaɗan da ita, yana haki, gumi na ɗiga daga gemunsa. Ta tura masa kwakwa.

"Kin koya," ya ce. Ya sha, ya goge baki. "Tau, ina da roƙo. Kin san roƙon taubashi ba a mayar da shi."

"Faɗi in ji. In dai ba girkin Jolame za ka ce in koya maka ba."

Ya yi dariya har ya yi tari. Sannan ya nuna mutanen da ke zaune a rumfa da haɓa.

"Kin ga waɗannan? Tun da aka ba ni almakashin nan suka fara sunkuyawa in za su wuce ni. Na tsufa, ga furfura, kuma ba zan bar bakin rami ba sai an ɗauke ni. Wata rana zan zube a gabansu, kuma na san su, zama za su yi su kewaye ni da ladabi. Mijinki ne zai tashi, to ya riga ni. Ke ce kika rage. In kin ga na faɗi, Tau, kada ki tsaya neman gafarata. Ki tsallake duk wanda ke gabanki, ki ɗauko bokiti."